Filinge: Aikin Kwamfuta A Garin Da Rezo Ke Zuwa Yana Tafiya

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kilomita kusan 180 ce, arewa maso gabas, a kan hanyar da ta ratsa Baleyara. Da sassafe motocin haya ke tashi, don a jihar Tilaberi ta yanzu ba direban da ke son magariba ta riske shi a daji. Shingayen jami'an tsaro kuwa ba a magana: a sauko, a nuna katin shaida, a koma a matsu. Daga Baleyara, garin da kasuwar dabbobinsa ke ci ran Lahadi, hanya ta bi kwarin Dallol Boso, tsohon kogin da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya sani, ya bar fadama mai faɗi da ruwa kusa-kusa a ƙasa, ga gangaren jan dutse yana yi mata rakiya. Zabarmanci ne ya cika motar da farko. Sannu a hankali Hausa ta rinjaya, irin mai "munka" da "anka", wadda Bakano sai ya kasa kunne sosai. Ƙasar Kurfai ke nan. A Filinge aka haifi Adamou Mayaki, wanda ya riƙe ministan harkokin waje zamanin Diori Hamani, Janar Seyni Kountche kuma ɗan Fandu ne, a cikin wannan gundumar.

Suna ne ya kai ni. Wani yaro ɗan garin ya zo Kano ci-rani shekarun baya, ya zauna a shagona na buga takardu har hannunsa ya faɗa, ya koma gida ya buɗe nasa. Da matarsa ta sauka ya dame ni da waya, wai in ban zo ba ba za a yanka rago ba. Na je, an ci an sha, an raɗa wa jariri suna. Amma mai sana'a ko gidan biki ya je idonsa na kan sana'arsa, kuma wata gardama da na baro a Kano sai na tarar ta riga ni isa, ta ma fi zafi a can.

Yaran shagona sun daɗe suna matsa mini mu bar manhajojin da muke ɗorawa a cikin kwamfuta, su Word da CorelDRAW, mu koma waɗanda ake buɗewa a burauza, su Google Docs da Canva. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Ba ka neman mai ɗora maka, kullum sabon samfuri kake gani, aikinka yana ajiye a kwamfutocin kamfani, ka fara shi a shago ka ƙarasa a waya kana cikin a-daidaita-sahu. Ni kuma nakan ce a bari tukuna. A Kano abin bai wuce jayayyar tsoho da yaro ba. A Filinge magana ce ta ko mutum zai koma ƙauye da takardarsa yau, ko sai kasuwa mai zuwa.

Shagon mai masaukina ɗaki ɗaya ne a bakin hanya, rufin kwano, farantan sola a sama, batir a ƙarƙashin tebur. Kwamfutar tsohuwa ce 'yar gwanjo da ya taho da ita daga Kano, an lulluɓe ta da zanen atamfa saboda ƙura. Windows 7 ke cikinta, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020. A kanta yake buga takardun neman aiki da Faransanci, da tambayoyin jarrabawa na malaman lakwal, wato makarantar boko, da jerin sunayen mata 'yan adashi, da katin aure, da hoton katin shaida. A gefe ƙanensa ke zama da kwamfutar tafi-da-gidanka, ya jona ta da wayarsa. Shi ne ɗan zamanin gidan.

Ina zaune wani dattijo ya shigo daga ƙauye yana son katin auren ɗiyarsa, motar da ta kawo shi kuma za ta juya bayan azahar. Ƙanen ya karɓi aikin. Nan da nan ya tsara kati a wata manhajar zane ta intanet, da furanni da ruwan zinariya, har dattijon ya yi murmushi ya ce haka yake so. Aka zo saukewa don a buga, sai wata 'yar ƙawanya ta fito a tsakiyar allo tana juyawa. Yaron ya ɗaga waya sama yana neman rezo, wato layin sadarwa, ya fita bakin ƙofa, ya kashe ya kunna. Ga kati muna kallo da idonmu, amma ba ya hannunmu.

"Rezo ya tahi, Baba, sai a ɗan jira."

"Mota ba ta jirana, ɗana."

Mai masaukina bai ce uffan ba. Ya yaye zanen, ya buɗe wani kati da ya yi wa wasu a watan jiya, ya goge sunaye ya sa sababbi, ya canza rana, firinta ta kama aiki. Katin bai kai na ƙanen kyau ba, ko kusa. Dattijon ya ƙirga, ya biya, ya nufi tasha. Sannan mai masaukina ya juyo gare ni: "Maigida, ka gani ko? Wagga tsohuwa ba ta neman izinin kowa."

Ba gazawa manhajar ƙanen ta yi ba, haka aka gina ta. Wadda ke zaune cikin kwamfutarka abu biyu take nema, na'ura mai rai da wuta. Ta intanet kuwa sai batirin wayarka ya yarda, da kuɗin datarka, da eriyar garin wadda ita ma sai da wuta ko man janareta, da layin da ya kai Yamai, da wayar da ta ratsa wata maƙwabciya kamar Benin tunda Nijar ba ta da teku, da wayar ƙarƙashin ruwa, sannan kwamfutocin kamfanin a Turai ko Amurka. Ko'ina aka samu tangarɗa aikinka ya tsaya, kuma mutanen ƙasar nan sun ga tangarɗar a kusan kowane mataki. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021 an rufe intanet na wayar hannu kimanin kwana goma. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace lokaci guda daura da gaɓar Kodebuwa, sadarwa ta rikice a ƙasashen yankin da dama, har da Nijar. A sassan Tilaberi 'yan bindiga sun sha ƙona eriyoyi. Mu ma ba baƙin abin ba ne: a Satumban 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna.

Da na kawo maganar wuta sai aka yi mini ca. "Ku ne hwa kunka yanke muna ita!" Ba ni da bakin musu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ba a maido ba sai bayan da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024.

Ƙanen nan dai bai haƙura ba. Da dare, a fada, wato majalisar hira ta matasa, shayi na kan gawayi, ya dubi wansa ya ce, "Yaya, gaya wa Maigida abin da tsohuwar taka ta yi maka da bazara." Aka yi shiru, sannan labari ya fito. Faifan ajiyar da ke cikin kwamfutar ne ya mutu cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40 kusan kullum. Ya tafi da komai: katunan da ya tsara tun buɗe shago, hotunan mutane da sukan dawo a sake wanke musu, da littafin bashi da ya mayar cikin Excel. Aka kai Yamai, masu gyara suka ce sai haƙuri. Waɗanda ake bi bashi kuwa, da labari ya zaga, wasu sai mantuwa ta kama su. Shi kuma ƙanen an taɓa sace masa waya a tasha, ya sayi wata, ya sa kalmar sirri, ya tarar da zane-zanensa duka suna jiransa.

Ga kuma bairos. Kowa da filashinsa yake zuwa shago, daga lakwal, daga ofis, daga wani shagon, kuma duk wanda ya yi wannan sana'a ya san cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar maka sunayensu kawai, ka danna ba komai. Kwamfutar da aka daina sabuntawa ba ta da kariya daga sababbin cututtuka. A Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle irin waɗannan kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Sannan mu faɗi gaskiya tsakaninmu 'yan sana'a: yawancin manhajojin da ke shagunanmu, daga Kano har Filinge, ba sayensu aka yi ba, kwafi ne da aka fasa, mai fasawa kuma yakan bar nasa mugun abin a ciki.

Mahaifin yaran, wanda ke kishingiɗe yana jinmu, shi ya raba gardamar. Ya ce hatsin da ke rumbunka naka ne, ko tsakar dare ka so ka ɗiba, amma gara da gobara da ɓarawo kai kaɗai za ka yi fama da su. Wanda ka kai bankin hatsi na gari kuwa yana da mai gadi, sai dai ranar da yunwa ta kama ka kana iya tarar da mai mabuɗi ya yi tafiya.

Maganar mai mabuɗin nan ta yi nisa fiye da yadda tsohon ya zata. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sabon Photoshop a biya sau ɗaya, ya koma haya, wata-wata ko shekara-shekara, da katin banki. Manhajar tana zaune a kwamfutarka, amma tana leƙa intanet lokaci-lokaci ta tabbatar ka biya. A Oktoban 2019 kamfanin ya sanar da mutanen Benezuwela zai rufe asusunsu saboda takunkumin Amurka. Daga baya ya sami izini ya fasa, amma duk wanda ƙasarsa ta ɗanɗana takunkumi zai ji wannan labari a jikinsa. Wani lokaci ma ba faɗa ba ne, kasuwa ce kawai ta juya, kamar yadda Microsoft ya rufe Skype a Mayun 2025. Wannan ya sa na tuna da Tukunus, arewa da Filinge kaɗan, tashar kiwo ta gwamnati inda ake zaɓen irin shanun Azawak tun zamanin Turawa, daga can ma cukun da aka ba ni tsaraba ya fito. Zaɓen iri tarihin saniya yake so, uwarta da kakarta da yawan nonon kowacce, shekara bisa shekara. Rajista irin wannan ba a damƙa ta kacokan ga kamfanin da bai kai tashar shekaru ba.

Na ba mai masaukina shawarar LibreOffice da GIMP, waɗanda kyauta ne, halal, ba sa kuma neman intanet. Ya ce in malami ya kawo takardar da aka tsara a wata manhajar, wani lokaci shafukan kan karkace, shi kuwa ba ya gardama da mai kuɗi a hannu. Uzuri ne mai ƙarfi, ko da yake ina ganin rabinsa sabo ne.

Akwai aikin da tsohuwar kwamfuta ba za ta taɓa iyawa ba, komai lafiyarta. Ƙasar nan ta 'yan ci-rani ce, gidaje da yawa da kuɗin da ake aikowa daga Yamai da Kwatano da Abijan da Legas suke kaiwa kaka. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana sun zama bankin talaka a Nijar: mai aikawa ya biya a can, a ba shi lamba, mai karɓa ya zo da lambar da katin shaida. Na raka gwaggon mai masaukina karɓar gudummawar suna da ɗanta ya aiko. Muka tarar da jama'a, mata a inuwa, maza a jikin bango, ma'aikacin ya harɗe hannu a bayan gilashi, rezo ya ɗauke. Gwaggo ta matsa ta ce ga lamba ga kati, ya san ta ya san ɗanta, ga kuɗi ma tana hangowa a aljihun tebur, to me ya rage?

"Inna, in na ba ki ban gani a na'ura ba, daga aljihuna za a cire."

Gaskiyarsa. Littafin kuɗin nan dole ya zama guda ɗaya tak, wanda kowane reshe ke dubawa a lokaci guda. Da kowane kanti yana riƙe da nasa a cikin kwamfutarsa, da mutum ya karɓi kuɗi a Filinge da safe, abokinsa ya karɓa da lambar nan a Baleyara da hantsi, kafin a haɗa lissafi an kwashe kamfanin. Tsarin da ya zaunar da Gwaggo a inuwa shi ne dai ya sa ɗanta ya yarda ya miƙa guminsa ga wanda bai sani ba a wata ƙasa. Da la'asar rezo ya dawo, aka sallami kowa.

Wanda ya fi ba ni haske shi ne wani majo, mai riƙe da wata ƙaramar likita ta ƙauye, da ya zo suna. Ya ce a da rahoton wata, yara nawa aka yi wa rigakafi, zazzaɓin cizon sauro nawa, haihuwa nawa, a takarda yake tafiya, a juye shi a Excel, a sa a filash, a ba mai mota. Kowane ofis da nasa kwafin, wani ya gyara wani bai gyara ba, ranar taro a yi ta musu kan wane adadi ne na gaskiya. Yanzu Nijar, kamar Nijeriya da ƙasashe fiye da 70, tana amfani da DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar ginawa. Ita kanta manhajar ta bi ta kan gardamar nan tamu. A Afirka ta Kudu aka fara ta a shekarun 1990, a kan Microsoft Access, kowace gunduma da tata a cikin kwamfuta. Daga baya aka sake gina ta don burauza, aka fara aiki da sabuwar a jihar Kerala ta Indiya a 2006, Kenya kuma ta ɗora ƙasarta gaba ɗaya a kan uwar garke guda a 2011. Da haka aka huta da haɗa kwafi-kwafi da bin kowace na'ura ana sabuntawa. Amma maginan ba su ɗauka kowa a Oslo yake zaune ba. Sun sa mata dabarar riƙe alƙaluma in layi ya yanke, ta tura in ya dawo, suka kuma yi mata ta wayar Android.

Majon ya ce shi da tsakar dare yake shigar da nasa, lokacin da gari ya yi barci layi ya yi sauƙi, wani lokaci kuma sai ya shigo Filinge. Na tambaye shi ko ya fi son a koma yadda ake da. Ya girgiza kai, ya tuna mini sanƙarau na 2015, wanda ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500. Ya ce da cuta irin wannan, adadin da ya kwana a kwamfutarsa har ƙarshen wata ba ya amfanar kowa. So ake a gani a Yamai cikin makon, a turo allura.

Masu yawon ƙidaya na ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke zuwa wajen Abala inda 'yan gudun hijirar Mali suke tun 2012, su ma irin wannan hanya suke bi. KoboCollect suke riƙewa a waya, wadda aka gina a kan manhajar ODK. Fom yana cikin wayar, a cika shi a bukka ba rezo, in an dawo gari a tura. A nan har da batun rai, domin jerin sunayen mutane da ƙauyukansu da abin da aka ba su, in yana cikin na'urar da za a iya ƙwacewa a hanya, hatsari ne ga mai ɗauke da shi da waɗanda ke cikinsa. Ana iya saita manhajar ta goge fom da zarar ya tafi. Sai dai can inda ya tafi ma akwai ɓarayi. A Janairun 2022 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, ICRC, ta sanar an kutsa kwamfutocin da ke ɗauke da bayanan mutum fiye da 515,000, waɗanda yaƙi da hijira da bala'o'i suka raba da danginsu. Mai sace filash shago ɗaya yake cutarwa, wannan kuwa rabin miliyan a shiga ɗaya.

Matasan fadar amsarsu ɗaya ce ga duk wannan, Starlink. Gwamnatin Nijar ta ba kamfanin izini a 2024, ya fara aiki a Maris 2025, kuma gaskiya ne faranti mai kallon sama ya tsallake eriyar gari. Zai rage jira a kantin kuɗi da ɗakin majo. Amma na'urar da kuɗinta, wata-wata da kuɗinsa, wuta kuma tana so muddin ana aiki, sannan ikon rufewa yana hannun kamfani ɗaya a Amurka da hukumar da ta ba shi lasisi.

Kafin in taho sai da muka daidaita 'yan'uwan biyu. Aikin da zai ƙare a takarda a hannun mutumin da ke tsaye a gabansu, a tsohuwar kwamfutar za a riƙa yinsa, a kwafe shi a wani faifai na daban duk Juma'a, ƙanen kuma ya tura kwafi intanet cikin dare in rezo ya samu. Shi ma ya yarda ya riƙa sauke zanensa tun layi na nan, ba sai mai kati ya miƙe tsaye ba. Na kantin kuɗi kuwa ba yadda za a yi, sai a jure jiransa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne manhajar da aka yi don malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya na karkara, amma ko buɗewa ba ta yi sai da layi, alhali an daɗe da sanin yadda ake gina mai riƙe aiki ta jira.

Don haka ga masu ba da kwangilar manhaja a ma'aikatun Yamai da Abuja: kafin ku sa hannu ku biya, ku sa a kawo ta Filinge ko Abala a watan Afrilu, a kashe data, a ba ma'aikaci fom ya cika. In ta riƙe aikin har rezo ya dawo ta tura da kanta, ku biya. In ta tsaya, ku mayar wa mai ita ya gyara.